Zakaran da Ya Ƙetare Bahar Maliya a Cikin Ƙwai

Malam, assalamu alaikum.

Ina sanar da kai, da masu karatunka na gida da na waje, da duk wanda abin ya shafa, cewa kajin gidanmu sun daina ƙwai. Yau kwana ashirin da shida ke nan. Ba a yi shela a rediyo ba, jiragen ruwa suna ta sauke alhazai kamar babu abin da ya faru, amma a gidan nan namu na unguwar Ruwais a Jidda magana ta kai inda in ba ka taimake ni ba, mahaifiyata za ta bar mini gida. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka yi dariya. In ka gama sai ka yi, ni ma na yi tawa kafin abin ya juyo kaina.

Shekarata arba'in da takwas. An haife ni a Sudan, a wani ƙauyen Hausawa kusa da Wad Madani, na zo Jidda ina saurayi, yanzu ina aikin tafinta da rubutun takardu a wani ofishin alhazai a unguwar Sharafiyya. Ina da yawan karatu, Malam. Ba yabon kai nake ba, bayanin ciwona nake yi maka, don ka san irin maganin da za ka ba ni. Na karanta tarihi, na karanta labarin ƙasa, na karanta littattafan Masar har na kiwon zuma, amma kaza a wurina ba ta taɓa wuce abin da ake tararwa a cikin miya ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, 'yan unguwa kuma suke kira Hajja Rabi, ta haura saba'in. Ni ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wannan" take ce mini, ranar da ta ji daɗina kuwa ta ce "Malam". Da mahaifina ya rasu shekara takwas da suka wuce, na yi mata iƙama, wato takardar izinin zama, ta taho. A Bur Sudan aka ce mata ba za ta shiga jirgi da kaza mai rai ba. Ba ta yi gardama ba. Ta bar kajinta a hannun wata 'yar uwa, ta zaɓi ƙwai bakwai, ta shimfiɗa auduga a ƙwarya ta jera su, ta rufe da faifai, ta ɗaure da zane. Har jirgi ya ƙetare teku ƙwaryar nan ba ta sauka daga cinyarta ba. Da na je tarbarta, kafin ta tambayi lafiyar jikokinta sai da ta tambaya ko akwai mai kaza mai kwanci a unguwa. Aka samu a gidan wata 'yar Yaman. Biyar suka ƙyanƙyashe, mata huɗu da namiji ɗaya.

Sai daga baya na san dalilin wannan wahala. Kakata ta fito daga Gumel da ƙafa, Inna tana goye a bayanta, da kaza da zakara a kwando a kanta. Suka yi shekaru a hanya, suna yada zango suna noma suna tashi, kajin suna haihuwa suna mutuwa, amma irin bai yanke ba. Inna ba ta san Gumel ba. Ba ta san kalar ƙasarta ba, ba ta san ƙofar gidan ubanta ba. Abin da ta taɓa gani da idonta na garin nan shi ne kajin nan.

Matan huɗu na farko duk sun tafi, 'ya'yansu da jikokinsu ne a tsakar gida yanzu, su tara. Namijin yana nan. Ja ne mai baƙar wutsiya, ido ɗaya, don wata kyanwar Jidda ta tafi da ɗayan. Inna ta sa masa suna Na'ibi, wai in ladan ya makara shi ne ke riƙe masa aiki. Ladan bai taɓa makara ba, amma Na'ibi bai yarda da wannan ba, kullum sai ya riga shi.

To ga inda ilimina ya shigo. Shekara ta biyu da zuwan Inna, kaji suka fara ja da baya a farkon Sha'aban, da azumi ya kama ko ƙwai ɗaya babu, sai bayan Sallah da makonni suka dawo. Shekarar da ta biyo haka, ta bayanta ma haka. Na zauna na yi nazari, na fitar da hukunci: azumi ne. A watan azumi gida yana juyewa, ba a ɗora tukunya da rana, babu ragowar tuwo da hantsi, ga fitilu ga hayaniya a lokacin da kaza take son barci. Na bayyana wa matata Sauda wannan, na bayyana wa abokan aiki, har na riƙa cewa kajinmu masu ibada ne, tare muke ɗauka tare muke ajiyewa. Kowa ya yi dariya ya ce Ustaz akwai lura. Inna ce kaɗai ta ci gaba da dama wa kajinta dusa, ni kuwa na ɗauka ta gamsu.

Da tafiya ta yi tafiya sai suka fara sakaci. Wata shekara sai da azumi ya raba suka daina, na ce ibada ta yi rauni, kamar ta mutane. Bara sai bayan Sallah, na ce Sitta Shawwal suke yi. Bana kuwa suka yi ta ƙwai tun daga daren farko na azumi har idi, ba kunya ba tsoron Allah, sai da Shawwal ya wuce rabi suka tsaya cak. Ga shi Zulƙida ta raba. Na duba duk inda zan duba, ban ga azumin da ake yi a Zulƙida ba.

Kada ka ce sanyi ne, na riga ka tunawa. Sanyin Jidda abin dariya ne. Iskar arewa ce ke kaɗawa daga teku, a yi ruwa sau ɗaya ko sau biyu tituna su cika, maza su fito da baƙaƙen riguna da kwat suna rawar ɗari, alhajin da ya sauko daga Kano yana kallonsu yana fifita da hularsa. Wannan ba zai hana kaza aikinta ba. Banda haka kuma ga gashinsu yana ta zuba, tsakar gida kamar an fasa matashin kai, su kuwa sun koma kamar tsofaffin tsintsiyoyi. Na ce cuta ce. Na zuba musu barkono a ruwa. Na kawo kan kifi daga kasuwa. Na zargi maciji, na zargi kyanwa, na zargi bakin mutane, har na tambayi Sauda cikin siyasa ko tana yi wa maƙwabta alheri a ɓoye. Ta ce in ina son in san inda ƙwai yake, in je in tambayi masu shi, ga su can ba su da aikin yi kamar ni. Kwana biyu shayina yana zuwa ba sukari.

A ƙarshe na tsaya a kan Na'ibi. Ya tsufa, na ce, shi ya sa gida ya mutu.

Ana cikin haka sai maƙwabcina Abdulghaffar ya same ni a bakin masallaci. Direba ne, babbar motar alhazai yake ja tsakanin Jidda da Makka, a wannan lokaci kuwa ba ya samun kwanciya sai bayan asuba, awa biyu ko uku, ya sake tashi. Tagar ɗakinsa tana daidai kan akurkinmu. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya Ustaz, ni ba ni da faɗa da Hajja. Amma rai hamsin nake ɗauka a bayana, jiya kuwa idona ya rufe a hanya. Limaminku ya sallame, na'ibinsa bai sallame ba." Mutane suka yi dariya, ni kuma kunya ta kama ni, bakina ya riga hankalina. Na ce halas, an gama, wallahi ranar Layya, tunda wuƙa tana waje, da shi da ragon za su tafi tare.

A nan ne ka shigo, Malam, don haka kada ka zame. Jaridarku tana iso mana a jakar alhazai, wani lokaci an naɗe kilishi da ita. A wata fitowa ta kwanan baya ka amsa wa wata baiwar Allah cewa kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai, zakara a gida ba shi da aiki sai ihu da cin tsaba, in ya dame ta ta yanka. Na yanke wurin da almakashi, na zo na zauna gaban Inna na karanta mata da murya irin ta mai hujja. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Wannan, shi malamin naka ya taɓa kiwon kaza?" Na ce ban sani ba. Ta ce to.

Da aka yi sallar magariba ta kira ni tsakar gida, ta nuna mini gabas ta saman katanga. Wasu ƙananan taurari ne a dunƙule, waɗanda Larabawa ke kira Surayya, ita kuwa ta kira su Kaza da 'Ya'yanta. Ta ce duk shekara in suka fara fitowa tare da magariba, kajinta sukan zubar da gashi su huta. In ta fito da magariba ta same su a tsakiyar ka, to ƙwai ya dawo. Ta ce haka uwarta ta nuna mata a hanya, haka ta gani a Sudan shekara sittin, haka ta gani a nan. Na ce Inna, wannan ai camfi ne, ina ruwan tauraro da cikin kaza? Allah ya yafe mini, har da 'yar dariya.

Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta ce gidana ne, wuƙata ce, alkawarina ne. Ita dai za ta hau Arfa bana, in an sauko kuma za ta zauna a Makka wurin ƙanena Husaini. Husaini ɗaki ɗaya gare shi a kan dutse, da matakala sittin, ga ta da ciwon gwiwa. Na ɗauka magana ce. Shekaranjiya na ga ta sauko da akwatinta na ƙarfe, tana ninke zannuwa. Ƙwaryar nan da ta zo da ita tana sama a kan kayan.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar Talata Inna ta tafi suna a unguwar Madain Fahd. Na ce bari in gama abin nan tun yanzu, in ta dawo ta tarar an wuce wurin, ta yi fushin kwana uku ta huce. An yi ruwa da asuba, ƙasa a jiƙe, iska tana kaɗawa. Na wasa wuƙa, na ɗauki ragowar gurasar karin kumallo na marmasa, na watsa don in jawo shi.

Ya zo. Ya ɗauki gutsure mafi girma, na ce to, ga makwaɗaici. Sai ya ajiye. Ya sake ɗauka ya sake ajiyewa, yana wata 'yar murya ƙasa-ƙasa da ban taɓa ji ba a shekara takwas. Kajin suka sheƙo. Ya ja da baya ya tsaya yana kallonsu da idon nan ɗaya. Akwai wata da ta fi duka tsiraici, ana ture ta, ya ɗauki gutsure ya kai gefe ya kira ta ita kaɗai. Na tsaya ina jira in ga lokacin da zai ci. Malam, bai ci ba sai da babu abin da ya rage sai gari.

Ban gama mamakin wannan ba sai ya daskare, ya karkata kai sama, ya yi wata ƙara guda ɗaya. Kafin in ƙifta ido babu kaza ko ɗaya a fili, duk sun shige ƙarƙashin tankin ruwa. Na ɗaga kai, sai da na nema kafin na ga shirwa, can sama kamar ɗigon tawada. Ni mai ido biyu da tabarau ban gan ta ba. Shi kuwa bai ɓuya ba. Ya tsaya a tsakiyar fili shi kaɗai, tsoho, rabin wutsiya, ya buɗe fukafukai, har ta gaji ta wuce. Sannan ya yi wata muryar daban, suka fito.

Na daɗe a tsaye da wuƙa a hannu. Na yi ta tunanin cewa wannan halitta ta ƙetare teku tana cikin ɓawo, babu wanda ya koya mata komai, ba ta ga ubanta ba, amma ga ta tana yin abin da wani zakara ya yi a Gumel tun kafin a haifi ubana. Wa ya rubuta masa wannan, a ina aka ajiye rubutun, a cikin ƙwan da bai cika tafin hannu ba? Da yamma na leƙa akurki, na ga kajin a jere kan sanda sun matsu da juna, shi kuwa yana can ƙarshe, ta wajen da iska ke shigowa. Na mayar da wuƙa. Na ce wa Sauda ba ta da kaifi. Ta dubi wuƙar, ta dube ni, ta sa mini sukari a shayi.

To ga ni, Malam. Na yi rantsuwa a gaban jama'a, kuma Abdulghaffar yana da gaskiya, rayukan mutane ba wasa ba ne. Inna tana ninke kaya. Kaji ba sa ƙwai, har yanzu ban san dalili ba, hannuna kuma ya ƙi wuƙa. Na ba wani ma'aikacin jirgin saman alhazai wannan takarda, gobe zai koma Kano. In ka amsa da wuri, jaridar za ta zo da alhazan ƙarshe kafin Arfa. Ka gaya mini abin da zan yi. In kuma ka taɓa kiwon kaza, ka faɗa, ana jiran amsar a gidanmu.

Naka,
Mai Zakara, Ruwais, Jidda.

*

Wa alaikumus salam, Mai Zakara.

Na yi dariyar da ka ba ni izini, amma ban kai ƙarshen takardarka da ita ba. Fara da mayar da wuƙa ɗakin girki, ka bar ta can, sannan ka zauna mu yi magana.

Kajinku ba su da cuta, Na'ibi ba shi da laifi, kuma ba su taɓa yin azumi ba. Kai ne kake zaune a ƙasar da komai nata da watan sama ake lissafa shi, aiki da makaranta da takardun ofis, har ka manta cewa shekarar wata tana gaza shekarar rana da kwana goma sha ɗaya. Kaza kuwa ba ta duban wata, rana take bi. Ka ce karon farko sun ja da baya a farkon Sha'aban, bana kuma bayan rabin Shawwal. Shekara bakwai ke nan tsakani. Goma sha ɗaya sau bakwai, kwana saba'in da bakwai. Ƙirga daga farkon Sha'aban ka ga inda za ka sauka. Kajin ba su gusa ko taki ɗaya ba, azumi ne ya zo ya same su a wurin hutunsu, ya yi 'yan shekaru tare da su, ya wuce gaba. Duk manomin da ke kasuwar ƙauyenmu zai gaya maka wannan, don shi da watan sama yake azumi amma ba da shi yake shuka ba.

Ka yi daidai da ka ce sanyin Jidda bai isa ba. Ba sanyin ne ke tsayar da su ba, gajartar yini ce. In rana ta fara saurin faɗuwa, jikin kaza yakan ajiye ƙwai ya koma saƙa sabon gashi, domin abincin da ake yin ƙwai da shi, da shi ake yin gashi, ba ta iya biyun a lokaci ɗaya. Wannan tsiraicin da ya ba ka tsoro canjin riga ne.

Taurarin Inna kuma ba camfi ba ne. Ba ta ce su ne ke hana ƙwai ba, kai ne ka ji haka. Ta nuna maka kalandarta ne. Taurarin nan da shekarar rana suke tafiya, suna fitowa da magariba daidai lokacin da yini ya gajarta, suna kaiwa tsakiyar sama da magariba daidai lokacin da ya fara miƙewa. Matan da suka yi shekaru a hanya, ba agogo ba takarda, da wannan suka riƙe lokaci daga Gumel har bakin teku. Da na karanta takardarka na fita bayan magariba na duba gabas. Suna nan, a kan gidana, su ne dai waɗanda ke kan katangarku. Na fi shekara hamsin a ƙarƙashinsu ban taɓa tambayar abin da suke faɗa ba. A lissafina za su kai tsakiyar ka wajen goma ga Muharram. Ka sa ido a akurki daga nan.

Kafin lokacin, ka daina barkono. Kan kifi ka ci gaba da shi, a dafa a marmasa, yana taimakon gashi. A dama musu dusa da ruwan ɗumi da safe, a rataya buhu ta wajen arewa, a bar sama a buɗe don iska ta fita, a ɗaga ƙasan akurki kada ruwa ya kwanta, a ajiye musu busasshiyar toka su yi birgima. Ina zaton in ka duba za ka tarar Inna ta riga ta yi duk wannan tun kana wurin aiki. Wani zai ce maka ka kunna musu fitilar lantarki da yamma, su ɗauka yini bai ƙare ba su ci gaba da ƙwai. Yana aiki, masu manyan gonaki suna yi. Amma su da shekara biyu suke sayar da kaza su kawo sabuwa. Ku da kuke riƙon iri, ku bar su su huta.

Sai maƙwabcinka. Kada tausayin zakara ya sa ka raina kukansa, shi ne mai babbar hujja a cikinku. Sai dai ka lura, barci ya roƙe ka, kai ne ka yi masa tayin jini. Ka ba shi abin da ya roƙa tun yau, kada ka jira Layya. A ɗauke akurki daga ƙarƙashin tagarsa a kai can ƙarshen gida. Na'ibi kuma, har a gama jigilar alhazai, ya kwana a cikin ɗaki, a kwando mai gajeren rufi da aka lulluɓe da bargo, da 'yar kafar shan iska. Zakara in bai ga haske ba, bai kuma sami wurin miƙe wuya ba, caransa yakan ragu, abin da ya fito kuma bango ya shanye. A sake shi in Abdulghaffar ya tashi. Ka je ka same shi da kanka, a bakin masallacin da ka yi alkawarin, ka ce ka yi saurin baki, ga abin da ka yi a madadinsa, in bai wadatar ba ya faɗa a sake dabara. Mutumin da ya ce ba shi da faɗa da Hajja ba zai nace sai an zubar da jini ba. Ƙwan farko da aka samu a Muharram a kai gidansa. Batun rantsuwa kuwa ka tambayi limaminku abin da ya hau kanka na kaffara, ya fi ni sani, kuma kome ya ce ya fi sauƙi a kan matakala sittin.

Inna ba hujja take jira ba, don haka kada ka je mata da wannan shafi a hannu kana karantawa da muryar nan taka. Ka bari a yi magariba, ka ce ta sake nuna maka taurarin, ka yi shiru har ta gama. Sannan ka tambaye ta a cikin kajin tara wacce za a sa wa kwanci in ƙwai ya dawo. Wannan tambayar ce za ta mayar da zannuwa inda suke. Kuma ba ta wasa ba ce: shekara takwas tsufa ne ƙwarai ga zakara, ba lallai ya ga wani sanyin ba. Ku bar namiji ɗaya daga ƙyanƙyasar bana ya tashi a gabansa. In Inna tana son hawa Arfa, ka kai ta da kanka, ka dawo da ita da kanka.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya tsare Abdulghaffar da waɗanda yake ɗauka, ya ba Sauda ladan haƙuri da mai ilimi, ya sa a yi Sallah lafiya da rago kaɗai.

Saura amsar da ake jira. Ka gaya wa Hajja ban taɓa kiwon kaza ba, uwargidana ce ke yi, ni ci nake. Gaskiya ne kaza tana ƙwai ba zakara, amma da na ce ba shi da aiki sai ihu da cin tsaba, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Jiya na watsa tsaba na tsaya. Na yi kuskure.